Shuɗiyar Rigar Yaya

Ba zan taɓa mantawa ba da hantsin da na bar takalmina ƙafa ɗaya a garkar gidanmu ta Ajilari a Maiduguri, na fito a guje gaban dattawan unguwa ina neman tsari da harsuna uku. Shekaruna sittin da takwas a lokacin. Na faɗi shekarun ne tun yanzu don kada wani ya nema mini uzuri da ƙuruciya.

Ni tsohon direban babbar mota ne. Na yi shekara talatin da wani abu a kan hanya: Kusiri, Injamena, Abeche, Niyala, har Wad Madani, daga baya na zauna Jidda ina tuƙa motar ruwa. Hausa na gada wajen mahaifinmu, Bakano ne. Kanuri na tsinta a layi. Larabci iri biyu nake ji, da Faransancin da ya ishe ni yin musu da jandarma. Illar yawo ɗaya ce, in ka dawo gida ba abin da za a yi a gabanka ka iya kame baki. Ko shayi aka haɗa sai na ce a can Sudan ba haka ake haɗa shi ba. Abokina Malam Ishaku, tsohon malamin makaranta mutumin Biu, shi ya raɗa mini suna A-Can, sunan kuma ya kama.

Yayana, wanda unguwa ke kira Alhaji Babba, ya sha bamban da ni. Tela ne a unguwar Lamisula, kuma in ka cire Makka bai taɓa wuce Potiskum ba. Gida ɗaya muke, shi da matarsa Ya Falmata, ni da Hajiyata, yara duk sun watse. A bayan ɗakunanmu akwai wani fili da muke ce wa garka, da darbejiya ɗaya a gefen ƙofa, a nan kajinsa suke. Kullum da safe sai ya zura wata tsohuwar shuɗiyar riga da ta koɗe a kafaɗu, ya cika aljihunta da gero, ya shiga garka. Ba ya kiran su. Ganin rigar kawai suke yi su taho.

Kwana biyu kafin ya cika ya kama hannuna. Na sunkuya ina jiran wasiyya mai nauyi. Sai ya ce, "Kazar nan wake-wake tana kan ƙwai. Kar ka bari shirwa ta kwashe mata 'ya'ya."

Abin da ya bar mini ke nan. Gidan da keken ɗinkin na magada ne, ni nawa gadon 'yan tsakin da ba su ma fito ba.

Bayan sadakar bakwai kazar ta ƙyanƙyashe goma sha ɗaya. Kafin mako biyu saura bakwai.

Wanda bai yi kiwon kaji ba bai san shirun da ke riga shirwa isowa ba. Tsuntsayen kan darbejiya su ke fara ɗauke murya. Sai uwar ta yi wani gurnani can ƙasan maƙogwaro, 'ya'yan su lafe kamar an watsa duwatsu. Ba ka jin fiffike. Inuwa ce kawai za ta zamo daga kan katanga, ta ratsa fili, ta koma. In ka ƙirga sai ka ga babu ɗaya. Na ga shirwa a mayankar Abeche tana fizge nama daga tire a kan mutum, na ga ta Jidda a bakin teku, amma ban ga mai haƙuri irin ta Ajilari ba. Takan yi awa guda tana kewaya sama, ƙarama kamar ƙuda, tana jiran ka shiga ɗaki.

An ba ni shawara, ba zan ce ba a ba ni ba. Ya Falmata tana takaba, ba ta cika fitowa ko tsakar gida ba, ga ciwon gwiwa. Ta aiko Hajiya ta ce mini a tsoma su a jar galura, haka uwarta ke yi, shirwa ba ta gane ɗan tsako in ya sauya launi. Na ce ni ba zan mai da kajin Yaya alewar yara ba. Malam Ishaku ya ce a garinsu kife su ake yi da babban kwando har su yi fiffike. Na ce masa ɗan tsakon da ya girma a kwando ƙafarsa ba ta ƙwari. (Ban san ko gaskiya ba ne. A take na ƙirƙira.)

Ni ina da tawa dabarar, daga can. A gonakin da ke wajen Wad Madani na ga suna kafa mutum-mutumi, suna ce masa hambul. Wani tsohon manomi da na taɓa rage wa hanya ya gaya mini sharuɗɗansa biyu. Na farko, a sa masa kayan da mutum ya sa har ya yi gumi a ciki, don tsuntsu ya san bambancin tsumma da tufa. Na biyu, a sauya masa wuri kowace safiya, don in ya kwana biyu a waje ɗaya tsuntsu zai gane ba ya numfashi.

Na samo doguwar gora, na gitta mata sanda, na cusa buhu da ciyawa. Kai kuma na kifa ƙwarya na naɗe ta da farin ƙyalle. Saura riga. Ina waige-waige sai na hango ta rataye a ƙusa bayan ƙofar garka, da hularta a sama. Ranar da aka tattara kayan marigayi aka kulle a akwati, ba wanda ya tuna da ita.

Na san rigar mamaci ta magada ce. Na san akwai wadda ya kamata in tambaya, taku goma tsakanina da ɗakinta. Na ce wa kaina aro ne, kuma tagarta ba ta kallon garka.

Da na gama na ja baya na dube shi, sai da gabana ya faɗi. Yaya dogo ne, mai ɗan ranƙwafawa ta hagu, gorar nan kuma ashe tana da lanƙwasa daidai wurin. Da rana ta dumama rigar sai ƙamshin turaren wutar da Ya Falmata ta yi shekaru tana turara masa kaya ya tashi. Na kafa shi a tsakiyar fili, inda shirwa za ta gan shi da kyau, na fita da sauri.

Da na leƙo bayan azahar, kajin gaba ɗaya suna gindinsa. Ba sa tono, ba sa tsattsaga. Sun kewaye shi, sun ɗaga kai suna kallon aljihun. Wake-wake na gaba, 'ya'yanta bakwai a bayanta, a tsakiyar rana, a filin da ko inuwar kara babu. Na tsaya ina kallo, tsigar jikina na tashi, amma abin da na gaya wa kaina shi ne: ka gani, har kajin sun san inda tsaro yake. (Na ce muku shekaruna sittin da takwas.)

Akwai abin da ban lissafa ba. Katangar garkar ta zube da damina, aka tayar da ita iya ƙirji. Bayanta kuma lungu ne da mata ke bi zuwa injin niƙa da famfo.

Cikin kwana uku lungun ya mutu. Mai nonon da ke sallama kullum ta daina. Maƙwabcinmu da ke alwala a ƙofar gidansa ya koma yi a ciki. In na fito, sai a gaishe ni da wani irin ladabi mai yawa, a tambaye ni ya ƙarin haƙuri, a dube ni a dubi ƙasa. Ba wanda zai zo ya ce wa mai makoki an ga ɗan'uwansa tsaye cikin kajinsa, yau a nan gobe a can. A Maiduguri ba a yin haka. Sai a bar ka da abinka, a sauya hanya.

Malam Ishaku ne ya gwada, ta gefe. Muna zaune a majalisa ya tambaye ni, kamar hira, ko a ƙasashen da na je mutane na cewa mamaci kan dawo ya duba abin da ya bari. Kai, ya taɓo ni inda nake so. Na gyara zama na yi musu kusan awa. Na ba su labarin abin da Larabawan Cadi ke faɗi, da na mutanen kudancin Kamaru, da yadda na kwana ni kaɗai a gefen maƙabarta mota ta lalace, ko gezau. Na rufe da cewa fatalwa ciwon wanda bai fita ba ne, duk wanda ya ga duniya ba ya tsoron tsumma. Ba wanda ya yi musu. Na ɗauka hujjata ce ta yi ƙarfi.

A waɗannan kwanakin shirwa ta ɗauki biyu, ɗaya ma a gindin hambul ɗin, na ga gashin. Saura biyar. Na ce bai gama kama aiki ba ne.

Ran na biyar na kafa shi da safe kusa da akurki, na tafi majalisa. Da na dawo bayan azahar ba ya nan. Yana ƙarƙashin darbejiya, a jingine da kututture, daidai inda Yaya ke shimfiɗa buzunsa in rana ta yi zafi. Kajin na kewaye da shi a inuwa.

Na ce iska ce. Iskar da za ta tuge gora daga rami, ta ɗauke ta taku ashirin, ta jingine ta a tsaye, hula ba ta faɗi ba. Na duba ƙasa ko zan ga sawu, ba komai sai tonon kaji.

Washegari na zurfafa ramin, na danna duwatsu. Bayan azahar yana gindin darbejiya. Wannan karon akwai gero a warwatse a ƙasa, ni kuwa dusa nake ba su. Ban san abin da ya kai hannuna ba, na zura shi a aljihun rigar. Gero ne cike, sabo, mai sanyi.

Na tambayi Hajiya, ina yi kamar ba komai, ko ta taɓa abin nan na garka. Ta ce ita tun ranar da ta leƙa ta gan shi ba ta sake taka wurin ba, kuma Allah ya shirye ni. Ya Falmata kuwa ban ko kawo ta a rai ba. Mace 'yar ƙarama, mai takaba, mai dafa bango in za ta tashi. Kuma in na tambaye ta sai na faɗi abin da na yi da rigar.

Haka muka yi mako guda, ni da shi. Da safe in shiga ina karanta duk abin da na haddace, in rungume shi ba na kallon fuskar, in mai da shi fili. Da rana ya koma inuwa. Na daina cin abinci sosai. Na fara tunanin ko fushi yake yi da na shanya shi a rana, ko da na taɓa kayansa, ko kuwa 'yan tsaki shidan da na bari aka kwashe yake bi na. Sau biyu na yi niyyar tuɓe rigar, hannuna ya ƙi. Ka tuɓe wa wa? Abu ɗaya da na lura da shi, na kuma ƙi yin tunani a kansa, shi ne tun da ya fara tafiya ba a sake ɗaukar ko ɗaya ba.

Ranar addu'ar arba'in aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Liman ya zo, Bulama mai unguwa ya zo, abokan ɗinkin Yaya daga Lamisula, 'yan'uwa daga Kano. Malam Ishaku na gefe a kan kujerarsa, kamar yadda ya saba a duk abin da ya same mu. Mata na tsakar gida suna zuba abinci. An shafa fatiha ke nan, wajen ƙarfe sha ɗaya, sai na ji siririn fiton shirwa daga sama. Na ɗaga kai, ga ta tana kewayawa. Na ce a gafarce ni, na bi ta ɗan lungun da ya tashi daga zaure zuwa garka.

Na tura ƙofar. Shirun nan ya riga ni. Ko hayaniyar matan kamar an rufe ta da ƙwarya.

Yana tafe.

Daga tsakiyar fili ya taso, a hankali, yana ɗingishi kaɗan, gefen rigar na jan ƙasa. Hannuwan na lilo. Farar fuskar nan da ba ido ba baki, wadda ni na naɗe ta da hannuna, sai a lokacin na ga da me ta yi kama. Wake-wake na bin sa, 'ya'yanta biyar a jere, sauran kajin a baya, ba mai ko ƙyat. Inuwar shirwa ta ratsa ta kansu ta wuce. Darbejiyar na gefen ƙofa, wato inda nake tsaye. Wajena ya nufo.

Na buɗe baki, muryar da ta fito ba tawa ba ce, ta yaron da yake goyawa zuwa makarantar allo ce. Na ce, "Yaya?"

Ya tsaya cak. Sai ya karkata kai gefe ɗaya, kamar yadda yake yi in bai ji abin da aka ce ba.

Ban san lokacin da na juya ba. Na san kafaɗata ta daki ƙofa, na san takalmi ɗaya ya tsaya ni ban tsaya ba. Na ratsa zaure, na tsallake tiren shinkafa, ban tsallake na biyu ba. An ce na fito ina a'uziyya da Larabci, ina kiran uwata da Kanuri, ina cewa a ba ni hanya da Faransanci. Na faɗa tsakanin Liman da Bulama, na riƙe rigar Liman da hannu biyu, na ce, "Ya dawo. Wallahi yana tafiya. Kajin na bin sa."

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba wanda ya yi mamaki. Mutanen unguwa suka dubi juna. Wani ya ce a hankali, matarsa ta gan shi tun makon jiya. Wani ya fara laluben takalmansa. Baƙin Kano suka miƙe. Liman ya ɗaga hannu yana karatu.

Sai aka yi gyaran murya daga bayan labulen zaure. Ya Falmata ce, tana haki. Ta gaida Liman da Kanuri, ta roƙi gafarar jama'a, sannan ta juya Hausa don baƙi su ji. Ta ce ba kowa ba ne, ita ce. Gora ce da ciyawa, ƙanin mijinta ya sa musu rigar. Ta ce kajin nan rigar suka sani, duk inda take nan za su tsaya, shi kuma kullum sai ya kai ta tsakiyar fili ya tara wa shirwa su kamar an zuba mata a faranti. Shi ya sa in ya fita take lallaɓawa ta rungumo ta daga baya ta kawo gindin bishiya, inda shirwa ba ta iya sauka saboda rassa, ta cika aljihun da gero, ta watsa musu su zauna. Yau aiki ya sha mata kai, sai da ta ji fiton.

Bulama ya tambaye ta me ya hana ta faɗa mini. Ta ce wanda bai tambaye ta ba da zai ɗauka, ta ga kamar ba ya son a san ya ɗauka, ba ta so ta ba shi kunya.

Muka ɗauka ta gama. Sai ta ƙara, muryar ta yi ƙasa: "Kuma shekara arba'in da ɗaya ban taɓa barin Alhaji ya tsaya a rana ba. Ko rigarsa ce, ban iya gani ba."

Ba wanda ya yi dariya a lokacin. Na so a yi, da ya fi mini sauƙi. Ina zaune a ƙasa, shinkafa a gwiwata, hulata ban san inda take ba, na saki rigar Liman a hankali. Ya gyara ta, ya ce mini cikin taushi, "Alhaji Ƙarami, kafin azahar a cire rigar nan, a wanke, a ba mai ita haƙuri."

Dariyar ta zo ne da Malam Ishaku ya tashi, ya shiga garka shi kaɗai, ya fito riƙe da takalmina da yatsu biyu. Ya ajiye a gabana, ya ce, "A-Can, a can Sudan ɗin, da ƙafa ɗaya ake gudun tsumma ko da biyu?" Bulama ya fara, abokan ɗinkin suka karɓa, har matan ciki na jiyo su. Hajiya kuwa, da na ce mata daga baya ai na tambaye ta, cewa ta yi na tambaye ta ko ta taɓa, ita kuma ba ta taɓa ba.

Da la'asar na durƙusa a ƙofar ɗakin Ya Falmata na ba ta haƙuri. Ta ce ya wuce, ta miƙo mini ƙullin jar galura ta ƙarƙashin labule. Ashe tun ranar farko ta aika aka sayo. Ni na tsoma su da kaina, ɗaya bayan ɗaya, suka fito jajaye kamar alewar da na ce. Hannuwana suka yi mako biyu kamar na amaryar da aka sa wa lalle, da su nake miƙa wa mutane gaisuwa a masallaci. Ko launin ne ya ruɗa shirwa, ko geron gindin bishiya ne, ban sani ba, kuma a karo na farko a rayuwata ban yi bayani ba. Biyar ɗin dai sun rayu, uku kaji biyu zakaru.

Rigar, da magada suka ce a bayar sadaka, ba wanda ya yarda ya karɓa a Ajilari. Sai unguwar Jiddari Polo na kai ta, wajen wani bawan Allah da bai san Yaya ba.

Abin da na koya bai da yawa. Na kai kaya ƙasashe huɗu na dawo da dabarar mutanen Wad Madani, ban yi taku goma na tambayi matar da ta san kajin da mai kajin ba. Yanzu in "a can" ta taso mini a majalisa, sai in dubi takalmina in haɗiye ta.

Har yau in rana ta take, wake-wake kan ja sauran zuwa gindin darbejiya, su tsaya su ɗaga kai daidai tsayin aljihu. Na san sabo ne kawai. Amma ba na shiga garka a wannan lokacin sai na yi sallama.